Sunan da Kalanda Ta Mayar Juma'a

Ranar Asabar na haihu. Washegari da hantsi, ina kwance a gadon matanite, asibitin haihuwa ke nan a bakinmu na mutanen Kwatano, na laluba ƙarƙashin matashi na zaro wayata. Jikina duk ciwo yake, ko juyi na yi sai na cije leɓe, amma raina fes, ɗoki ya cika ni kamar yarinyar da aka ɗinka wa kayan Sallah. Kuma Allah ya gani, ba ɗokin jaririn kaɗai ba ne. Akwai abin da na daɗe ina ƙullawa tun cikin bai fito ba, ranar kuma zan aiwatar. Na buɗe shafina na intanet, na shiga kalanda, na rubuta sanarwar suna: Asabar mai zuwa, ƙofar gidan mahaifina a Zongo, bayan an fito sallar asuba. Na ƙara da cewa ana gayyatar kowa da kowa, na kusa da na nesa. Na danna, na mayar da wayar inda take kafin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta dawo daga neman ruwan zafi.

Shafin nan tun ina jami'a a Kalabi na buɗe shi. Da farko surutuna kawai nake zubawa a ciki, wane titi ruwa ya cinye, wane mai tsire ya fi iya yaji, irin wannan dai. Daga baya mutane suka fara aiko min da sanarwa: ɗaurin aure, walimar sauka, taron direbobi, wasan ƙwallon samari. Sai na maƙala masa wata ƙaramar manhaja ta kalanda, irin wadda masu harkar ke kira fulogin. Aikinta ɗaya ne, ta zana wata guda akwati-akwati, ranar da ke da taro ta shafa mata kore, in ka taɓa bayani ya fito. Gaskiyar magana mutanen cikin Zongo ba su dogara da ita ba. Mu a nan goro da alawa ake rabawa gida-gida, liman ya faɗa a masallaci, mata su kai sauran a baki. Masu duba kalandata su ne 'yan unguwa da suka yi nisa, na Kalabi, na Laji, da 'yan kasuwar Misebo da ba sa zama gida. A cikinsu akwai mutum ɗaya da saboda shi na yi sanarwar nan, wato Baffana, ƙanen Baba, autan ɗakinsu.

Baba direban babbar mota ne shekara da shekaru, daga tashar jiragen ruwa zuwa arewa, Paraku, Malanbil, har ƙetare. Ina ƙarama kakarmu ta rasu, uwarsu, Baba yana kan hanya. Aka same shi a waya, ya ce ga shi nan ya juyo, a jira shi. Ya bar mota da kaya a wani gari, ya shiga ta haya ya taho. A gida kuwa malamai suka ce wa Baffa ba a ajiye gawa, ga zafi, ga jama'a sun taru, sai ya ce a ɗauka. Baba ya iso ya tarar mutane suna dawowa daga maƙabarta, suna wanke ƙafa a ƙofar gida. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da abin ya zo da sauƙi. Bayan an share makoki ya tara mu ya ce daga ranar goron gidansa ba zai taka ƙofar ƙanensa ba, kuma kada ya ji wani ɗan gidan nan ya kira shi ko ya aika masa da gayyata. Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Kalabi. Aka yi bikin yayyena ba shi, aka yi nawa ba shi.

Ni dai da karatu ya kai ni Kalabi, yunwar ɗalibta ta kai ni gidansa, don gayyata Baba ya hana, bai hana cin tuwo ba. Baffa bai taɓa tambayata yayansa ba. Sai dai ya ce yaya unguwa, yaya mutanen unguwa, ya yi shiru yana jiran in kai inda yake so. Matarsa ce ta raɗa min cewa kullum bayan ya sha shayi sai ya sa tabarau a kan hanci, ya buɗe kalandata, ya bi korayen akwatunan nan yana taɓawa, yana ganin wa ke aure a Zongo, wa ya sauke. Lokacin bikina tsoro ya hana ni sawa, na yi ta cizon yatsa daga baya. Wannan karon na ce ko za a yanka ni sai na sa.

Lissafina ga shi. Baba ya hana a kira Baffa, amma bai taɓa cewa kada ya zo ba. Sanarwar kalanda kuwa ba kira ba ce, kamar ta masallaci take, duk wanda ya ji tasa ce. Kuma a Zongo ba a zaunar da dattawa biyu a ce wane ba wane haƙuri, wannan sai ya ƙara ɓata abin. A taro ake fara shiri. Mutum ya zo cikin jama'a, ya sami gefen tabarma ya zauna, a ɗaga hannu tare, a shafa tare, goro ya biyo ta gabansa ya ɗauka, ya tashi ba wanda ya ce masa uffan. Gaba in an haɗu sai a gaisa. Taron ne ke rufa wa kowa asiri. Shi ya sa komai nawa ya rataya a kan Baffa ya zo ranar da jama'a suke.

Aka sallamo mu, aka wuce da ni gidan Baba, tunda haihuwar fari a gida ake jego kuma a nan ake suna. Na faɗa hannun Gwaggo, ƙanwar Baba kuma yayar Baffa, wadda duk maijegon gidanmu ita ke mata wanka. Gwaggo ba ta san wasa ba. Ruwa ya tafasa ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa min ina ihu tana cewa ragwanta, ta ɗora min kwanon kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Doka ta farko da ta kafa ita ce ba waya, wai haskenta yana cinye idon maijego. Kwamfuta kuwa, in ji ta, zafinta ƙafar da nono yake yi. Ban yi musu ba, don tawa tana ƙasan jaka, na lulluɓe ta da zannuwan jariri.

Ranar Laraba da rana maigidana ya kira. Ɗan kasuwar atamfa ne a Misebo, mutumin Nijeriya, kunyar surukai ba ta barinsa ya zauna a gidanmu, sai dai ya gaisa a tsaitsaye ya koma ya kira ni. Gwaggo ta ba ni wayar da sharaɗin in yi sauri. Ya tambaye ni a hankali ko an canja ranar suna ba a gaya masa ba, don maƙwabtansa na kasuwa suna ta cewa Juma'a suka gani a shafina. Na yi dariya na ce maƙwabtansa su je a duba musu ido. Muna gamawa na buɗe don in ɗauki hoto in tura masa ya kunyata su. Ga koren akwati nan zaune daram a kan Juma'a.

Gabana ya faɗi. In Baffa ya zo Juma'a, ba tabarma, ba jama'a, ba inda zai ɓuya. Ko dai ya yi kiciɓis da Baba ido da ido, ko ya tarar da ƙofa wayam ya ɗauka wasa muka yi da hankalinsa, ya koma ke nan har abada. Na nemo lambarsa, yatsana yana kai, sai na tsaya. Na san abin da zai fara tambaya, ko Yaya ne ya ce in kira shi. In na ce e na yi ƙarya, in na ce a'a ba zai zo ba, kuma na taka maganar Baba a cikin gidan Baba, ina cin abincinsa. Na ajiye wayar. Kalandar ce ta ɓata, kalandar zan gyara.

Gwaggo na fita na jawo jaka. Na jingina da bango, jariri a hannun hagu yana shan nono, kwamfuta a cinya, bargo a kanmu duka cikin zafin Kwatano, gumi yana zuba kamar an juye min bokiti. Na shiga ta ciki, inda nake rubutu: Asabar, ƙiri-ƙiri, yadda na sa. Na fito ta waje, inda jama'a ke gani: Juma'a. Na goge sanarwar na sake sabuwa, Juma'a. Na share tsofaffin kwafin da shafin ke ajiyewa don ya riƙa buɗewa da sauri, na sake dubawa, Juma'a. Na ce wa kwamfutar ba ta da kunya, ni da na raine ta. Sai dabara ta zo min, tunda baya take ja da kwana ɗaya, bari in sa Lahadi. Na sa, koren ya koma Asabar, har na fara murmushi.

Murmushin bai daɗe ba. Ban san abin da ke jan ranar ba, to in ya saki da kansa fa? Sai kalanda ta koma Lahadi, Baffa ya zo ya tarar an gama, ana kwashe tabarmi, mutane sun watse. A gidanmu kuwa ba abin da ya fi zuwa a makare ciwo, shi ne ya raba su tun farko. Nan take na mayar da Asabar. Na rubuta ASABAR da manyan baƙi a kan sanarwar don rage zafi, amma na san idon Baffa, koren akwatin yake bi, shi kuma yana nan a Juma'a.

Na koma yadda ake yi in shafi ya rikice, wato a kashe sauran manhajojin da aka maƙala ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wadda ba sa jituwa da kalandar. Na kashe ta hotuna, ba canji. Na kashe ta sharhin masu karatu, ba canji. Na kashe wadda ke nuna lokutan salla, ina cewa Allah ya yafe min, ba canji. Na cire wa shafin rigarsa gaba ɗaya, wato zanen da ke ƙawata shi, na sa masa wadda ya zo da ita, sai ya koma fari fat, ba rubutu ba hoto, shekarun wahalata duk sun ɓace daga ido. Na yi salati, na mayar da rigar da kyar, komai ya dawo har da Juma'ar. Na rubuta tambaya da Faransanci a dandalin masu amfani da manhajar, wani ya amsa cewa in kashe sauran manhajoji ɗaya bayan ɗaya. Na ce sannu da ƙoƙari, malam. Ina cikin haka kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, fanka ta tsaya, aka yaye bargon daga kaina. Gwaggo ce tsaye da kwanon kunu.

Ta ajiye kwanon, ta ɗauke kwamfutar da yatsa biyu kamar ta ɗauki mataccen ɓera, ta nufi ƙofa. A nan na fashe da kuka, kuka na gaske har da shessheƙa, na ce ta tsaya ta ji. Na kwashe komai na gaya mata, tun daga tuwon Kalabi har zuwa koren akwati. Gwaggo ta taɓa shiga tsakanin 'yan'uwanta shekarun baya, su biyun suka daina yi mata magana na tsawon lokaci, tun daga nan ta ce bakinta ba ya ciki. Na zaci abin da za ta maimaita min ke nan. Sai ta zauna a bakin gado, kwamfutar a cinyarta.

"Auta yana duba wannan abin?" ta tambaya.

Na ce kullum, bayan shayi.

Ta tashi ta fita, ta dawo da faifai, ta ɗora kwamfutar a kai ta ajiye min a cinya, wai kada zafin ya taɓa jikina. Ta karɓi jaririn. Ta ce in shanye kunun tukuna, sannan in yi abin da zan yi, kuma in ban gyara ba ruwan wankan gobe sai ya fi na yau zafi.

Alhamis Gwaggo ta zama mai gadina. Duk matar da ta zo barka sai ta tare ta a tsakar gida ta ce maijego tana barci, ta nuna mata jaririn daga hannunta. Ni kuwa na daina kallon sanarwata ita kaɗai, na bi duk abin da ke cikin watan. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Walimar saukar 'yar maƙwabtanmu ta ja baya da kwana ɗaya, wani ɗaurin aure ma haka, ba wanda ya kawo ƙara don duk goro ya riga ya gaya musu gaskiya. Amma wasan ƙwallon samari yana ranarsa, taron direbobi yana ranarsa, darasin Faransanci na manya yana ranarsa. Na yi ta kallonsu ina cewa me ya bambanta ku, kalanda ta tsani sunna ne ko me? Sai idona ya tsaya a kan wasan ƙwallo. An rubuta ƙarfe uku. Ni kuwa na tuna sarai huɗu na sa, don shugabansu ya dame ni da waya a kan haka. Na duba taron direbobi, shi ma ya ja baya da awa ɗaya. Ba wanda ya lura, don wa ke zuwa taro a kan lokaci a Zongo?

Tsigar jikina ta tashi. Na koma kan waɗanda suka canja rana, na buɗe su ɗaya-ɗaya. Walima, bayan La'asar. Ɗaurin aure, bayan an sauko masallaci. Suna, bayan sallar asuba. Dukansu gurbin agogo fanko ne, ban sa komai ba, don mu ba ma sa wa irin waɗannan ƙarfe kaza. Ka ce wa dattijon Zongo ɗaurin aure ƙarfe biyu da kwata, sai ya tambaye ka kafin Azahar ko bayanta. Tsohuwar manhajar ba ta damu ba, in ka bar gurbin haka take barinsa. To daf da haihuwa, ina zaune da ƙaton ciki ba abin yi, na ga an ce akwai sabuwa, na danna na sabunta. Ita sabuwar ba ta yarda da fanko, sai ta cike da kanta, ta sa farkon ranar, sha biyun dare daidai. Agogon shafin kuma tun ranar da na buɗe shi yana kan yadda ya zo, na wata ƙasa da ke bayanmu da awa ɗaya. Da, ba abin da ya shafe shi, yanzu kuwa sabuwar da shi take aiki. Ta ɗauki farkon Asabar ta cire awa ɗaya, ta faɗa Juma'a.

Na ƙwala wa Gwaggo kira, ta shigo da sauri ta zaci wani abu ya same ni. Na hau yi mata bayani ina haɗa Hausa da Faransanci, ta ce in yi magana irin ta mutane. Na ce kamar mutum ne tsaye a bakin ƙofa, taku ɗaya baya ya fita daga ɗakin. Ta ce to a jawo shi ciki mana, me ake jira? Na shiga wurin saiti, na buɗe jerin garuruwan duniya, na bi ina neman Kwatano, babu. Gari kamar Kwatano, da tashar jiragen ruwa da komai, wai babu! Na sake bi a hankali na sami Porto-Novo, babban birnin ƙasarmu, na ce ai duk ɗaya ne, na zaɓa, na adana, na share tsofaffin kwafi. Na ce Gwaggo ta yi bisimilla. Na rufe ido na danna, na buɗe. Koren akwati yana kan Asabar.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ni, maijegon fari, da ya kamata in sunkuyar da kai ko kallon ɗan kada in yi a gaban mutane! Gwaggo ta toshe min baki da tafinta tana cewa za ki kashe mu da kunya, amma kafaɗunta rawa suke saboda dariya. Innata ta leƙo a firgice, Gwaggo ta ce mata mafarki na yi. Na kunna manhajojin da na kashe, na bi duk sanarwar da ke cikin watan na sa musu ƙarfen da ya yi kusa da sallar, na bar kalmar sallar a rubuce yadda mutane suka saba. Na kira maigidana na ce ya bi rumfunan maƙwabtansa ya duba a wayar kowa. Ya kira ya ce Asabar ko'ina. Ranar na ci gasasshen nama har Gwaggo ta ce in rage, na yi wa kaina kirari, na ce duk Kwatano ba mai kai irin nawa. Lissafina Baffa zai sha shayin Juma'a, ya buɗe, ya ga Asabar, shi ke nan.

Juma'a da sassafe masu haya suka sauke bash a ƙofar gida, wato rumfar tamfol da ake kafawa a titi, suka ce za su dawo da rana su kafa. Baba, wanda tun da ya bar tuƙi bai iya zama ba, ya ce rana ta yi nisa. Tagar ɗakina titi take kallo, ina ganinsa daga shi sai singileti da tsohon wando, yana kokawa da sandar ƙarfe da ta fi shi tsawo, ragon suna ɗaure a gefe yana kallonsa. Ina dariya a raina, sai zemijan ya tsaya, ɗan acaɓa mai ruwan ɗorawar riga. Wani dattijo ya sauko cikin farar babbar riga da ta sha guga, da hula, da leda a hannu. Ya sallami mai babur, babur ya wuce, sannan ya ɗago kai. Baffa ne.

Na kira Gwaggo a hankali ba ta ji ba, sai da na jefa mata matashi. Muka maƙale a jikin labule mu biyu. Baffa ya dubi hagu ya dubi dama, ba tabarma, ba mutane, sai tamfol a naɗe da rago. Na ga lokacin da ya gane. Ya juya kamar zai tsayar da wani babur, titin kuwa ba kowa. Duk abin da na kwana biyu ina gudu ga shi a gabana, na ji kamar in nutse cikin katifa. Baba ya ɗago, sandar tana jingine a kafaɗarsa. Suka tsaya suna kallon juna, ba wanda ya motsa, har na ji numfashin Gwaggo a wuyana.

Baffa ya rusuna kaɗan. "Yaya, ina kwana. Na ga kamar yau ne sunan."

"Gobe ne," in ji Baba. Ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Har yanzu ba ka iya jira ba, Auta."

Farcen Gwaggo ya shige dantsena. Na ce shi ke nan, na kashe abin da hannuna. Baffa ya sunkuyar da kai.

"Da na jira ka, Yaya," ya ce. "Ba ranar da ba na faɗa wa kaina haka."

Baba ya kau da kai ya dubi sandar, wadda ta fara zamewa daga kafaɗarsa, ya gyara mata zama, ta sake zamewa. Ya daɗe yana fama da ita shi kaɗai, Baffa na tsaye.

"To zo ka riƙe min nan," ya ce. "Ta fi ƙarfina."

Baffa ya ajiye ledar a ƙasa, ya naɗe hannayen babbar rigar a kafaɗa, ya kama sandar. Gwaggo ta sake ni ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi tana kuka ba sauti. Ni na ci gaba da leƙe, hawaye na zuba ina dariya. Dattawan nan biyu suka kafa bash ɗin a karkace, suna musu a kan wace sanda ke shiga wace, tsatsa ta ɓata farar rigar tun daga ƙirji har gwiwa. Da lokacin masallaci ya yi Baba ya aiko a ɗauko wa Baffa riga a cikin nasa, suka tafi tare. Masu haya da suka dawo da rana sai da suka kwance komai suka sake kafawa.

Da yamma Baffa ya yi sallama a ƙofar ɗakina ya zo ganin jariri. Bayan ya yi masa addu'a ya miƙa wa Gwaggo, na kasa haƙuri. Na ce Baffa, ai tun jiya na gyara, har da manyan baƙi na rubuta, kai da ke dubawa kullum? Ya yi ɗan murmushi yana murza hular a hannu. Ya ce sau ɗaya ya duba, ranar Lahadi, ya ga ƙofar gidan Yaya, ya ga an ce kowa da kowa, ya rufe wayar. Bai ƙara buɗewa ba duk satin, don yana tsoron ya buɗe ya tarar an cire. Na ja mayafi na rufe fuskata. A zaure ya kwana, bai koma Kalabi ba.

Asabar bayan asuba titi ya cika, 'yan Misebo da na Laji duk sun zo a ranar da ta dace, na ji daɗin wannan ba kaɗan ba. Daga taga na ga an fito da ƙwaryar goro, Baba ya karɓa ya miƙa wa Baffa ya ce ya raba. Ya bi sahu-sahu yana miƙawa, tsofaffin unguwa suna ɗago kai suna kallonsa, suna riƙe masa hannu ya daɗe. Da aka shafa aka fara watsewa, ya dawo da ƙwaryar da ɗan saura a ciki. Baba ya sa hannu ya ɗebo cike da tafi, ya buɗe aljihun rigar da ya ara wa Baffa ya zuba, ya ce a kai wa mutanen gida.